Tambaya da Amsa: Farfesa Osuntokun da Binciken Cutar Mantuwa a Tsakanin Tsofaffinmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni matar aure ce a Ƙaura Namoda, kuma mahaifiyarmu tana zaune a wurina tun bayan rasuwar mahaifinmu. Ta haura shekara 70, jikinta da ƙwari, amma kusan shekara biyu ke nan hankalinta yana ta canzawa. Takan idar da sallah ta sake tayar da ita, takan ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa ta manta sannan ta ce jikarta ce ta ɗauke, kuma kwanan baya ta saka mayafi da yamma ta kama hanya wai za ta gidansu na Zurmi, gidan da ta baro tun tana amarya. Wasu dangi sun ce gigin tsufa ne a ƙyale ta, wasu sun ce sammu ne, ƙanena kuma da ya yi karatun boko ya ce wannan cuta ta Turawa ce, ba ta kama baƙar fata. Shin akwai wani masani ɗan ƙasar nan da ya taɓa bincikar wannan al'amari, kuma me ya gano?
Daga wata 'yar'uwa a Ƙaura Namoda.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Likitan da ya zauna da ita ya duba ta shi ne zai yanke hukunci, amma alamomin da kika lissafa, wato mantuwar abin da ya faru yanzu-yanzu, da zargin na kusa, da komawar hankali zuwa gidan ƙuruciya, su ne aka fi gani a cutar mantuwa, wadda kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ita suke fama da nau'in da ake kira Alzheimer. Sunan na wani likitan Jamus ne, Alois Alzheimer, wanda ya fara kula da wata mata mai shekara 51 a birnin Frankfurt a 1901, kuma da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule sun taru a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar, wasu zaruruwa kuma sun sarƙe a cikin ƙwayoyin kansu. Waɗannan abubuwa biyu, da yanzu ake kira amiloid da tau, su ne ke kashe ƙwayoyin sannu a hankali, kuma sukan fara ne daga sashen da ke adana sabon tunani, shi ya sa Inna za ta iya ba ki labarin bikinta dalla-dalla alhali ba ta tuna ko ta ci tuwon dare ba.

Game da masani ɗan ƙasa kuwa, akwai shi, kuma ya cancanci mu san shi fiye da yadda muka sani a nan Arewa. Shi ne Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, wanda aka haifa a garin Okemesi na jihar Ekiti ta yanzu a 1935. Ya kammala karatun likita a Ibadan a 1961, ya tafi Birtaniya ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a birnin Newcastle, sannan ya dawo gida, ya zama farfesa a 1970 yana da shekara 35. Ya shugabanci makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Ibadan, daga baya ya riƙe babban asibitin koyarwa na birnin daga 1985 zuwa 1990, ya kuma jagoranci kwamitin da ke ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara kan binciken lafiya. Ya wallafa rubuce-rubucen bincike sama da 300 kafin rasuwarsa a Cambridge a watan Satumba na 1995.

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne rogo. A yankin Epe da Ijebu an daɗe ana ganin manya, galibi matalauta, suna kamuwa da wata larura wadda ke farawa da dindiris da zafi a tafin ƙafa, daga nan tafiya ta koma tangaɗi, gani ya dusashe, ji ya ragu. Osuntokun ya bi marasa lafiyar har ƙauyukansu, ya tambayi abin da suke ci safe da rana da dare, ya auna jininsu, ya tarar cewa kusan rogo kaɗai suke rayuwa a kai, kuma jinin nasu yana ɗauke da alamar gubar sayanaid da rogo mai ɗaci ke fitarwa idan ba a jiƙa shi an shanya shi yadda ya kamata ba. Ƙarancin nama da kifi da wake a cimarsu ya ƙara dagula lamarin, domin jiki yana buƙatar abinci mai gina jiki kafin ya iya karya wannan guba. A kan wannan aiki ya samu digirinsa na uku a 1969. Na tsaya a kansa ne domin a nan halinsa na bincike ya bayyana: bai yarda cewa majinyatan da suka iso asibiti su ne hoton al'umma ba, tunda ya san mafi yawan masu ciwo a ƙasar nan ba sa zuwa asibiti, don haka idan ana son sanin yawan farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki ko mantuwa, dole likita ya cire farar rigarsa ya shiga gida-gida. Haka ya yi a garuruwa irin su Igbo-Ora, kuma tsarin tambayoyin da ya taimaka aka ƙirƙiro don irin wannan ƙidaya an yi amfani da shi a ƙasashe masu tasowa da dama.

Yanzu ga inda maganar ƙaninki ta samo asali, domin ba daga iska ya ɗauko ta ba. A wani bincike da Osuntokun da abokan aikinsa suka wallafa a 1992, sun duba mutum sama da 900 masu shekara 40 zuwa sama a wata unguwa ta Ibadan, ba su samu ko mutum ɗaya da ya cika sharuɗɗan cutar ba. Wani da ya samu irin wannan sakamako zai iya rufe littafi ya ce mu Allah ya tsare mu. Shi kuwa sai ya ga cewa adadin tsofaffin da ke cikin binciken kaɗan ne, kuma ma'aunin da ake gwada tunani da shi an yi shi ne don mutanen da suka yi makaranta a Turai da Amurka. Saboda haka a wannan shekara ta 1992 ya haɗa kai da Farfesa Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana suka ƙaddamar da babban binciken da aka sani da aikin Indianapolis da Ibadan, tare da likitoci irin su Adesola Ogunniyi da Olusegun Baiyewu da Oye Gureje. Hikimar tsarin ita ce a kwatanta al'umma biyu da ke da kusancin asali amma rayuwarsu ta sha bamban: Yarbawa 2,494 masu shekara 65 zuwa sama a yankin Idikan na Ibadan, da baƙaƙen fatar Amurka 2,212 a birnin Indianapolis, waɗanda kakannin da yawansu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su a zamanin cinikin bayi. Hanya ɗaya aka bi wajen gwada su, kuma aka riƙa komawa gare su bayan 'yan shekaru don a ga wanda ya kamu.

Yadda suka warware matsalar gwaji abin koyi ne gare mu. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, idan ka miƙa mata fensir ka ce ta zana siffa, za ta kasa ko da hankalinta garau yake, kai kuma ka rubuta cewa ta rikice. Don haka suka yi amfani da tambayoyin da suka dace da rayuwar mutum ta yau da kullum, suka kuma haɗa da hira da wani na kusa da tsohon, a tambaye shi ko ya lura da canji wajen riƙe kuɗi, ko gane hanya, ko shiga harkar iyali. Daga baya tawagar ta ƙirƙiro wani gwaji da tsinken ashana huɗu kacal: mai gwaji ya jera su a wata siffa a gaban tsohon, har da inda kawunan ashanar suka fuskanta, ya ce masa ya maimaita, bayan ɗan lokaci kuma ya ce ya sake jerawa da ka. Kayan aikin nan akwai shi a kowane kanti daga Gusau har Shinkafi.

Sakamakon farko ya fito a 1995, shekarar da Osuntokun ya rasu. An samu cutar mantuwa a kashi 2.29 cikin ɗari na tsofaffin Ibadan, yayin da a Indianapolis ta kai kashi 8.24. A 2001 aka wallafa kashi na biyu, wanda ya ƙidaya sababbin kamuwa a kowace shekara, ya nuna kashi 1.35 a Ibadan da kashi 3.24 a Indianapolis. Ma'anar wannan a fili take. Cutar tana nan a cikinmu, tana kama baƙar fata a gida da waje, don haka ƙaninki bai yi daidai ba. Amma kuma yawanta ya bambanta ninki biyu zuwa sama da uku a tsakanin mutanen da jininsu ya yi kusa, kuma daga cikin bambancin da masu binciken suka lura da shi har da cewa Yarbawan ba su kai 'yan'uwansu na Amurka yawan hawan jini da ciwon suga da kitse a jini ba. A ganina wannan shi ne babban gadon da Osuntokun ya bari, domin ya taimaka wajen karkato da hankalin masana zuwa ga cewa lafiyar jijiyoyin jini da irin cimar mutum suna da hannu a lafiyar ƙwaƙwalwarsa idan ya tsufa. Duk manomin da ke ban ruwa daga madatsar Bakolori ya san cewa idan ƙananan magudanai suka cushe da yashi, gonar da ke can ƙarshen layi ita ce ke fara bushewa. Haka hawan jinin da aka yi shekaru ba a kula da shi ba yake toshe ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, kuma binciken Ibadan ya nuna daga baya cewa ko a cikin Yarbawan, masu hawan jini sun fi saurin kamuwa.

Abin da zan roƙe ki, Hajiya, shi ne ki kai Inna asibiti, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kuma ki tafi da kanki domin bayaninki rabin gwajin ne. Dalilin gaggawar shi ne akwai larurorin da ke kama da wannan cuta alhali ana warkewa daga gare su, kamar ƙarancin sinadarin B12, da matsalar maƙoƙo, da ciwon damuwa wanda yakan biyo bayan rashin miji, da illar wasu magunguna. Idan kuma ta tabbata Alzheimer ce, babu maganin da ke warkar da ita zuwa yau, sai dai akwai irin su donepezil da memantine da kan sassauta alamomin na wani lokaci. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma Alƙur'ani a cikin Suratun Nahli ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi raunin shekaru har ya kasa sanin abin da ya sani a da, wanda ke nuna cewa jarrabawa ce sananniya a rayuwar ɗan'adam. Abin da nake jin tsoro shi ne zancen sammu, domin yakan ƙare da ɗora wa wata baiwar Allah a gida laifin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Idan Inna ta ce an sace mata kuɗi, kada a yi musu da ita, a taya ta nema, a kuma fahimtar da jikar tata cewa ciwo ne ke magana. A sanar da maƙwabta halin da ake ciki domin su dawo da ita idan ta fita, musamman da la'asar zuwa magariba, lokacin da rikicewar kan fi tsananta.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ina karanta kimiyyar halittu. Kakana da yayar mahaifina duk sun rikice kafin su rasu. Shin cutar gado ce, kuma akwai abin da irina zai iya yi a wannan fage?
Daga wani ɗalibi a Gusau.

AMSA: Allah ya jiƙansu, ya ba ka ilimi mai amfani. Akwai nau'in da ake gado kai tsaye daga uwa ko uba, wanda kan bayyana tun mutum bai kai shekara 60 ba, amma wannan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu cutar ba. Ga mafi yawan mutane, gado yana ƙara haɗari ne kawai ba tare da ya yanke hukunci ba, kuma tsufa shi ne babban dalili.

A nan ma aikin Ibadan ya zo da abin mamaki. A 1993 masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna APOE4 tana ƙara haɗarin Alzheimer sosai, aka ɗauka cewa haka abin yake ga kowa. Bayan shekara biyu Osuntokun da tawagarsa suka wallafa cewa a cikin tsofaffin Ibadan ba su ga wannan alaƙa ba, duk da cewa ƙwayar tana da yawa a jikin mutanen Afirka ta Yamma. Da aka ci gaba da bibiya, adadin mutane ya ƙaru, sai rahoton 2014 ya nuna cewa tana da tasiri ga Yarbawa, musamman ga wanda ya gaje ta daga iyaye biyu, amma tasirin bai kai na baƙaƙen fatar Amurka ba. Har yanzu masana suna bin diddigin abin da ke rage mata kaifi a jikin ɗan Afirka, domin duk wanda ya gano shi yana iya buɗe ƙofar magani ga duniya baki ɗaya. Ka lura da cewa tawagar ta gyara sakamakonta sau biyu da hujja ta ƙaru, kuma wannan ɗabi'a ita ce ta sa ake girmama aikin.

Fage kuwa a buɗe yake, har ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke da cutar mantuwa a 2021, sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, amma kusan duk abin da aka sani game da Najeriya daga ƙasar Yarbawa ya fito. Wani bincike da aka yi a Zariya aka wallafa a 2011 ya samu kashi 2.79 cikin ɗari, sai dai mutanen da aka duba ɗari uku da 'yan kai ne. Cimarmu ta gero da dawa da nono daban ce, auren zumunci ya fi yawa a wurinmu, tsofaffinmu mata da yawa ba su yi boko ba amma sun yi allo, kuma dubban dattawa a jihar nan rashin tsaro ya raba su da ƙauyukansu da abokan hirarsu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tambaya ce ta bincike da ke jiran mai ɗauka. Ka kuma san cewa akwai ɗan Arewa a wannan layi, Dakta Mahmoud Bukar Maina ɗan jihar Yobe, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila kan cutar Alzheimer da sinadarin tau, ya kuma jagoranci kafa cibiyar binciken kimiyyar lafiya a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu.

Don kare kanka da iyayenka, kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a rahotonsa na 2024 waɗanda idan aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar. Waɗanda suka fi shafar mu su ne hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da raunin ji da na gani da aka bari ba magani, da buguwar kai, da kaɗaici, da rashin ilimi tun ƙuruciya. Ka fara da sayen na'urar awon jini ka riƙa auna mahaifinka, idan yana da yanar ido ka kai shi a cire, kai kuma idan za ka hau babur ka saka hular kwano.

TAMBAYA: Malam, mu da gubar dalma ta shafa a 2010, shin ita ma tana jawo mantuwa idan an tsufa?
Daga wani magidanci a Anka.

AMSA: Allah ya jiƙan yaran da muka rasa, Malam. Annobar da likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suka gano a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, wadda ta samo asali daga daka da niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ta kashe yara kimanin 400, kuma dubbai sun buƙaci magani a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Abin da ya tabbata shi ne dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, tana rage masa kaifin fahimta, sannan tana taruwa a ƙashi ta zauna shekaru masu yawa. Ga babba kuma tana haddasa hawan jini da ciwon ƙoda, kuma bincike a kan ma'aikatan da suka daɗe suna mu'amala da ita ya nuna raguwar kaifin tunani. Tunda hawan jini da katsewar karatu duk suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mantuwa, tambayarka tana kan hanya, kuma irin bibiyar da aka yi wa tsofaffin Idikan ta kusan shekara 20 ita ce ta dace da waɗannan ƙauyuka, tun yanzu da yaran 2010 suka zama samari da 'yanmata.

Kafin hukuma ko jami'a ta ɗauki wannan nauyi, duk wanda ya san gubar ta shiga jikinsa ya riƙa auna hawan jini da lafiyar ƙoda a kai a kai, ya kuma gaya wa likita tarihinsa ko ba a tambaye shi ba. Matan da abin ya shafa suna yara su faɗi haka a wurin awon ciki, domin dalmar da ke ƙashi takan sake fitowa cikin jini lokacin goyon ciki ta isa ga jariri. Yaran da suka tsira a bar su a makaranta ko da karatun yana yi musu nauyi, kuma mai zuwa wurin haƙar zinare ya yi wanka ya canza tufafi a can kafin ya shigo gida, kada a sake kawo dutse ko turmin dakansa inda yara ke wasa.